Inda su Ɗanladi suka ɓata: littafin aikin rajistar ƙungiyar manoma

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Yau na karɓi aikin. Ƙungiyar manoma ce ta taimakon juna, ofishinta a nan cikin garin Bauchi, tana da rassa a Darazo, Ningi, Toro da Alƙaleri. Da damina ta ba mambobi bashin taki da iri, da kaka su biya da hatsi ko da kuɗi. Rajistarta duk tana cikin wata tsohuwar kwamfuta mai Windows da ke kusurwar ofis, an lulluɓe ta da zani saboda ƙura. Manhajar rumbun ajiyar bayanai ce a ciki, MySQL 5.7, wanda wa'adin kula da shi ya ƙare tun Oktoban 2023. Mambobi 3,412, rasidai sun ɗan haura 19,800. Wanda ya rubuta manhajar ya bar gari, lambarsa ma ba ta shiga.

Abin da ake so: a mayar da komai kan saba, wato kwamfutar haya da ke intanet, mai Ubuntu (wani nau'in Linux) da MySQL 8.0, a ƙara akwatin neman suna, sannan a yi wa wakilan rassa ƙaramar manhajar waya. Na ce wa Alhaji shugaba mako biyu sun isa. Ya ce Allah ya sa.

Kuɗi: saba dala 6 a wata, kusan naira dubu tara. Data dubu biyar.

Litinin, 6 ga Oktoba

Na ɗauki kwafin ajiya uku. Ɗaya a filashi, ɗaya a kwamfutata, ɗaya na ba Malam Sakatare ya sa a akwatin ƙarfe tare da kundayen takarda.

Talata, 7 ga Oktoba

Bayanai sun hau sabuwar saba lafiya lau, amma da na buɗe shafin farko sai kuskure mai lamba 1146, wai babu tebur mai suna Mambobi. Na duba da idona, ga shi nan: mambobi. Bambancin M babba da m ƙarami ne kawai.

A Windows, saitin lower_case_table_names yana kan 1, wato MySQL na adana sunan kowane tebur da ƙananan baƙaƙe, kuma bai damu da yadda ka rubuta shi a umarni ba. A Linux yana kan 0, dole ka kira tebur da sunansa harafi da harafi. A macOS kuwa 2 ne. Tsohon mai manhajar ya rubuta Mambobi a wani fayil, MAMBOBI a wani, mambobi a wani, Windows tana ta rufa masa asiri shekara da shekaru.

Na so in bi gajeriyar hanya in mayar da saitin 1, ashe a MySQL 8.0 ba a taɓa shi sai lokacin da ake kafa rumbun da farko. In ka canza daga baya, sabar ma ba za ta tashi ba. Ko dai in rushe in sake kafawa, ko in gyara kod. Na gyara kod, fayil 41, duk sunan tebur ya koma ƙananan baƙaƙe. Sunayen gurabu, wato ginshiƙan da ke cikin tebur, ba su da wannan matsala a kowane tsari, wannan ya rage min aiki.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Shafin shiga da shafin rasidi. Babu wani labari.

Asabar, 11 ga Oktoba

Yau ce ranar da na fara gane cewa mako biyun nan baki ne ya faɗa.

Na buɗe jerin mambobi a sabuwar manhaja na tarar da wani bawan Allah mai suna ÆŠanladi. Akwai Æ˜asimu, akwai masu noman gyaÉ—a. Duk inda ƙugiya take ta rikiɗe ta zama haruffa biyu na wani yare.

Dalili ya fito da na duba yadda aka gina teburan: tsarin haruffansu latin1 ne, ƙa'idar jera su kuma latin1_swedish_ci, wanda shi ne saitin asali na MySQL har zuwa 5.7. Kamfanin da ya fara ƙera shi na ƙasar Suwidin ne, don haka shekaru ana jera sunayen manoman Ningi bisa ƙa'idar jerin haruffan Suwidin ba wanda ya sani. A latin1 kowane harafi bayit ɗaya ne (bayit shi ne ƙaramin ma'aunin ajiyar kwamfuta), kuma babu ɓ, ɗ, ƙ, ƴ a cikinsa. A UTF-8, tsarin da ke ɗaukar haruffan kowane yare, kowannensu bayit biyu ne. Ɗ babba, mai lamba U+018A a Unicode, kundin haruffan duniya, bayitocinsa C6 da 8A. Tsohuwar manhaja tana cusa su a gurbin latin1 yadda suke, tana zaro su yadda suke, burauza ta haɗa su ta nuna Ɗ. Rumbun kansa bai taɓa sanin harafi ɗaya ba ne, shi a wurinsa Æ ne da Š. Da sabuwar manhaja ta yi masa magana da utf8mb4, wato UTF-8 na MySQL, sai ya fassara mata abin da yake zaton yana riƙe da shi.

Nan na yi wauta. Na buga CONVERT TO CHARACTER SET utf8mb4 kai tsaye, ina ganin na yi maganin abin. Ashe na ƙara kafe ɓarnar ne: Æ da Š kowanne ya zama cikakken harafi mai zaman kansa. Garin neman gira na kusa rasa ido. Na dawo da kwafin ranar Litinin, na bi ta hanyar da ta dace: a fara mayar da gurbin VARBINARY, don rumbu ya daina fassara bayitocin, daga nan a mayar da shi VARCHAR mai utf8mb4, ya karanta su sabo. Ɗanladi ya dawo da ƙugiyarsa bayan sallar isha'i.

Man janareta na dubu shida, don wuta ba ta zo ba tun safe.

Talata, 14 ga Oktoba

Akwai sunaye 187 da dabarar ranar Asabar ba ta ceto ba, irin su ?ahiru da ?ayyabu. Waɗannan daga Excel aka shigo da su, an adana fayil ɗin a matsayin CSV na gama-gari maimakon CSV mai UTF-8, shi kuma duk harafin da ba ya cikin tsarinsa sai ya maye shi da alamar tambaya. Asalin harafin ya tafi, babu umarnin da zai dawo da shi.

Muka zauna da Malam Sakatare da kundin takarda, ina karantawa yana gyarawa. Yawanci bai ko buɗe kundin ba. "Wannan Ɗayyabu ne na wajen Toro, mai kiwon tumaki. Wuce." Awa uku muka gama. Na sayo mana tsire na dubu uku.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na buga jerin masu bashi, shafi 38, na kai wa Alhaji shugaba ina jin kaina. Ya sa tabarau, ya bi D da yatsa: Danlami, Dauda, Dogo. Ya ɗago.

"Injiniya, ina su Ɗanladi da Ɗanjuma? Ka yafe musu bashin ne?"

"Ranka ya daɗe, suna ciki."

"To nuna min."

Na yi ta juya takarda gumi na keto min. Suna shafin ƙarshe, bayan Zakari da Zubairu. Duk wanda sunansa ya fara da Ɓ, Ɗ ko Ƙ an tara su can kamar waɗanda suka makara a sahu. Malam Sakatare ya yi dariya har da tari, ya ce ai ko a makarantar allo ba a yi wa Ɗahiru haka ba.

Laifina ne. Ranar da nake gyara gurabu na rubuta utf8mb4_general_ci, don shi hannuna ya saba da shi tun ina koyo. Abin da masu sana'ar ke kira koleshan ƙa'ida ce da ke amsa tambaya biyu: shin rubutun nan biyu ɗaya ne, in kuma ba ɗaya ba ne wanne ke gaba. Tsarin haruffa shi ke faɗin waɗanne haruffa za su iya zama a gurbi, koleshan kuma ya faɗi yadda za a auna su. Shi general_ci tsohon yayi ne, mai sauri amma mai gajeren tunani. Harafin da ke da alama a ka, kamar é, yana mayar da shi e. Wanda bai san danginsa ba sai ya auna shi da lambarsa ta Unicode. Z lambarsa 90, Ɗ kuwa 394, Ƙ 408. Dole su koma baya. Mutanen Folan ma sun daɗe suna kuka da shi a kan harafinsu ł.

Na gwada utf8mb4_0900_ai_ci, wanda shi ne na asali tun fitowar MySQL 8.0 a 2018. Lambar 0900 na nufin an gina shi kan ƙa'idar jeri ta Unicode 9.0. Shi ya san ɗ ƙanin d ne: duk masu D su wuce, masu Ɗ su biyo, sannan E. Haka ƙ bayan k, ɓ bayan b. Da na bar rumbun da zaɓinsa da ban ji kunya gaban Alhaji ba.

Takarda da tawada da aka yi asara: dubu huɗu da ɗari biyar. Ban sa a lissafin ƙungiya ba.

Litinin, 20 ga Oktoba

Na canza teburin mambobi kaɗai, sai rahoton rassa ya mutu da kuskure 1267: ana kwatanta gurbi mai general_ci da mai 0900_ai_ci, rumbu ya ce ba zai zaɓa mana ba. Koleshan yana da matakai: na saba, na rumbu, na tebur, na gurbi, ga kuma na layin da manhaja ke magana ta kai. Canza na tebur ba ya taɓa gurabun da suka riga suka wanzu, sababbi kaɗai yake shafa. Na zaro jerin duk gurabu daga information_schema na ga kala uku a rumbu ɗaya. Gobe zan daidaita su duka.

Talata, 21 ga Oktoba

"Duka" ɗin nan ita ce kuskuren. Umarnin ya tafi sumul har ya isa teburin rasidai, ya tsaya da 1062, wai akwai maimaici a gurbin da aka hana maimaici.

Lambar rasidi haruffa biyar ce da tsohuwar manhaja ke haɗawa da ka, manya da ƙanana da alƙaluma, irin aB7kq. Tsohon mai aikin, a nan kam na sara masa, ya sa gurbin a latin1_bin, inda aB7kq da AB7Kq abu biyu ne. Ni kuma na zo zan mayar da shi ci, mai ɗaukar babba da ƙarami ɗaya. Na ƙirga, rasidai takwas ne suka yi karo, biyu-biyu har huɗu. Allah ya taimake ni akwai dokar hana maimaici a gurbin, umarnin ya fasa bai taɓa komai ba. Da babu ita, wata rana a nemi rasidin mai buhu biyu a ga na mai buhu ashirin tare da shi.

Gurbin ya koma utf8mb4_bin. Yanzu kowane gurbi sai na tambayi kaina me ke zaune a ciki. Suna da gari da adireshin imel: ci. Lambar rasidi da makullan shiga: bin. Sababbin rasidai kuma manyan baƙaƙe zalla zan yi, ba O ba 0, ba I ba 1, don na ji yadda wakilin Ningi ke fama a waya yana cewa "k ƙarami, a'a, ƙarami na ce".

Asabar, 25 ga Oktoba

Rahoton jimillar bashi ya nuna Toro sau biyu, Darazo sau biyu. Wasu layukan an rubuta sunan garin da tazara a ƙarshe. Tsofaffin koleshan irin su latin1_swedish_ci da general_ci ba sa ƙirga tazarar ƙarshe wajen kwatance, 'yan gidan 0900 kuwa suna ƙirgawa. Ana ganin wannan a gurbin PAD_ATTRIBUTE na teburin koleshan. Umarnin TRIM, mai cire tazara, ya gyara layi 264. Na kuma cire akwatin rubuta gari da hannu, yanzu zaɓa ake yi daga jeri.

An fara amfani da sabuwar manhaja a ofis yau.

Laraba, 29 ga Oktoba

Zazzaɓi. Ban buɗe kwamfuta ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na shigo ofis na tarar da wani dattijo daga wajen Ningi a tsaye, ya ƙi zama. Ya biya bashinsa ranar Talata, ga rasidi a hannunsa, amma wakili ya je har gida jiya yana tuna masa bashi a gaban surukinsa. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, a zauna a sha ruwa, yanzu zan duba." Ya ce ba ruwa ya kawo shi ba.

Sunansa sau biyu yake a rajista. Na tsohuwa da ƙugiya, ɗauke da bashi. Na sabuwa babu ƙugiya, ɗauke da biya. Na kira yarinyar da ke shigar da bayanai.

"Yaya, wallahi na nema. Na rubuta danladi, ta kawo wasu, shi ba ya ciki. Kuma ya manta katinsa. Sai na buɗe masa sabo."

Gaskiyarta. Kibod ɗin ofis ba shi da ɗ. A tsohuwar manhaja da lambar kati ake nema, ni na kawo akwatin neman suna, kuma na gwada shi da wayata mai kibod ɗin Hausa. A mako ɗaya an maimaita mutum 23.

Na ɗauka ai ɗin da ke cikin utf8mb4_0900_ai_ci zai rufe wannan, tunda ma'anarsa kada a kula da alamomin kan harafi. Yana yi, amma ga irin à, á, â, waɗanda masu nazarin harshe ke sa wa don nuna karin sauti. Unicode bai ɗauki ƙugiya a matsayin ado a kan d ba. A wurinsa ɗ harafi ne cikakke, nauyinsa daban tun daga matakin farko. Ɗ da ɗ ɗaya ne a ƙarƙashin ci, amma d da ɗ har abada biyu ne.

Na so in ji haushi, amma da na zauna na ga su ke da gaskiya. Wanda ya kasa ba shi ne ya sayi ƙasa ba. Fada daban, faɗa daban. Baki da baƙi, kafa da ƙafa. Shekaru muna ƙorafin ana cire mana ƙugiya a jaridu da allunan kan titi, yau ga rumbun da ya mutunta ta, ni kuma ina neman ya yi kamar bai gan ta ba. Matsalar ba ta haruffa ba ce, ta yatsun masu bugawa ce. Jeri na son ƙugiya, ajiya na son ƙugiya, nema ne kaɗai ba ya so. Gurbi ɗaya ba zai yi aikin biyu ba.

Ga kuma hamza. Na ƙirga yadda aka rubuta Sa'adu a rajistar nan: da ' na kibod, da ’ mai lanƙwasa wanda Word ke sauyawa da kansa, da ʼ na wasu wayoyi, sai Saadu babu komai. Huɗu, kuma rumbu na ganin mutum huɗu. Haka Mu'azu, Rabi'u, Isma'il. Akwai ma masu tsohon salon rubutun waya, D'anjuma da K'asimu.

Malam Sakatare ne ya lallashi dattijon, ya rubuta masa takardar shaida da hatimi. Na ba shi kuɗin mota dubu uku daga aljihuna, ya karɓa bai kalle ni ba.

Talata, 4 ga Nuwamba

Na ƙara gurbi na biyu, suna_nema, wanda rumbu ke cikawa da kansa daga gurbin suna. A fara da LOWER, mai mayar da baƙaƙe ƙanana, sannan REPLACE, mai musanya harafi, a jere: ɗ ta koma d, ƙ ta koma k, ɓ ta koma b, ƴ ta koma y, hamza iri uku a cire. Dole LOWER ya riga, don REPLACE na bambanta babba da ƙarami ko da gurbin ci ne. Abin da mai nema ya buga shi ma a wanke shi haka kafin a kwatanta. Na sa masa fihirisa. Sunan gaskiya na nan da ƙugiyarsa, shi ake nunawa, shi ake bugawa a rasidi.

Ban hana maimaici a suna_nema ba, don a reshen Darazo kaɗai masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya sun fi a ƙirga. Gargaɗi kawai manhaja ke yi in suna da gari sun zo ɗaya. Muhammad da Mohammed da Muhammadu da Mamman kuwa, ko Abubakar da Garba, babu koleshan da zai haɗa su. Wannan aikin Malam Sakatare ne.

Mun haɗe 23 ɗin da hannu.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Na kai wa malamina na jami'a gaisuwa, na ba shi labari. Ya ce, "Kai ma ka so wahala. PostgreSQL na da koleshan na Hausa." Na dawo na gwada wannan rumbun, wanda takwaran MySQL ne, a kwamfutata, don MySQL na da na Jamusanci, Turkanci, Sifaniyanci da wasu, amma babu na Hausa.

Gaskiya ne. Tun sigar 10 ta 2017 PostgreSQL ke aiki da laburaren ICU mai ƙa'idojin jerin harsuna, kuma akwai na Hausa, ha-x-icu, a ciki. Abin ya burge ni: yana ajiye 'y tare da ƴ a bayan y, maimakon ya jefa duk sunan da ya fara da 'Yan can saman jeri kamar yadda nawa ke yi. Yana kuma ɗaukar sh da ts a matsayin haruffa masu zaman kansu, kamar yadda aka koya mana a firamare. Sai dai sakamakon haka Shehu na zuwa bayan Sulaiman, Tsoho bayan Tukur. Na nuna wa Malam Sakatare, ya ce daidai ne a aji, amma shi shekara ashirin yana neman Shehu tsakanin Sani da Sulaiman, kada in sake ɓatar masa da mutane.

Sauran lissafin ma bai ja ni ba. A PostgreSQL alamar daidai na bambanta babba da ƙarami tun asali, sai ka nemi citext, ko lower, ko koleshan na musamman da aka kawo a sigar 12, wanda LIKE, umarnin neman sashen rubutu, bai fara aiki da shi ba sai a sigar 18 da ta fito a Satumban 2025. Kuma ƙ da k a can ma biyu ne, gurbin nema na nan dole. Ina nan kan MySQL.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Darazo, gwajin manhajar waya. Hazo ya fara sauka. Mota zuwa da dawowa dubu tara.

Manhajar na ajiye kwafin reshe a SQLite, ƙaramin rumbun da ke cikin waya, don ta yi aiki babu sabis. Wakilin yana da kibod ɗin Hausa, ya buga ɗanjuma da ƙaramin ɗ, shiru. Ya buga da babba, ya fito. Na sa NOCASE, mai ɗaukar babba da ƙarami ɗaya, a gurbin ina ganin ya wadatar, ashe NOCASE na SQLite haruffa 26 na Ingilishi kaɗai ya sani. LIKE da lower nasa ma haka. D da d ɗaya, Ɗ da ɗ biyu.

A ƙarƙashin bishiya na gyara: waya ta riƙa sauko da suna_nema daga saba yadda yake, wankin abin da aka buga kuma a yi shi cikin kod na manhajar, ba a SQLite ba. Mun gwada suna talatin, duk sun fito. Wakilin ya ba ni rake da gyaɗa.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Mako shida da kwana biyu. Abin da na kashe zuwa yau, har da hayar saba ta wata na biyu da ƙarin data, naira 53,500.

Na rubuta fayil ɗin gwaji mai suna ashirin, da masu ƙugiya, da masu hamza, da mai tazara a ƙarshe, da rasidai biyu masu bambancin babba da ƙarami. Duk canjin da zan yi sai ya bi ta kansa tukuna.

Saura: Ningi ranar Alhamis, Toro da Alƙaleri mako mai zuwa. A sa wa kwamfutar ofis kibod ɗin Hausa a koya wa yarinyar. A gyara jeri don masu 'Y su bar saman takarda. Wa'adin MySQL 8.0 iyakarsa Afrilun 2026 ne, don haka bayan an gama karɓar bashin kaka zan gwada 8.4 a saba ta daban. Alhaji kuma ya ce a sake buga masa jerin masu bashi kafin taron Asabar, wannan karon da manyan haruffa don tabaransa sun yi rauni.